Bayanin Likita Ma Magani Ne: Ina Ɗaliban Hausa Suka Shige?

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma babu inda wannan duhu ya fi haɗari kamar tsakanin likita da majinyaci. Likita zai iya gano ciwo daidai, ya rubuta magani mai kyau, 'yan'uwa su yi karo-karo su sayo, amma idan mai shan maganin bai gane nawa zai sha ba, da yaushe, da kuma ranar da zai daina, to an yi aikin baban giwa. Ra'ayin da nake son gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai a wannan fitowa shi ne, bayanin da ake yi wa majinyaci wani sashe ne na magani, kuma ana iya auna amfaninsa kamar yadda ake auna na ƙwaya da allura. Tunda kuwa da harshe ake yin wannan bayani, mu masu nazarin harshe akwai nauyi a wuyanmu wanda har yanzu ba mu ɗauka ba.

Mai karatu zai ce, yaya za a auna magana? Masu binciken lafiya suna da hanya. Sukan raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, domin kada son rai ya shiga. Gida ɗaya a yi musu bayani irin wanda aka saba, ɗaya gidan kuma a yi musu sabon salon bayani. Bayan wani lokaci sai a ƙirga: su wa suka sha magani daidai, su wa suka warke, 'ya'yan wa suka rayu. Bambancin da aka samu shi ne ƙarfin bayanin.

An yi irin wannan a yankin Tigray na ƙasar Habasha, aka buga sakamakon a mujallar likitoci ta The Lancet a shekarar 2000. Masu binciken, Kidane da Morrow, sun sa an horar da wasu iyaye mata domin su koya wa maƙwabtansu yadda za su gane zazzaɓin cizon sauro a jikin yaro, su ba shi magani da wuri a gida. A ƙauyukan da aka yi wannan koyarwa, mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta ragu da kimanin kashi 40 cikin ɗari idan aka kwatanta da ƙauyukan da ba a yi ba. Maganin da aka yi amfani da shi a lokacin, wato kulorokwin, an daina ba da shi ga wannan zazzaɓi a wurare da yawa saboda ƙwayar cutar ta saba da shi, amma darasin yana nan: uwa da aka koya wa abu cikin harshenta, daga bakin 'yar'uwarta, ta ceci rai.

Haka kuma a ƙasar Bangaladash, tsakanin 1980 da 1990, ƙungiyar BRAC ta tura mata gida-gida suna koya wa iyaye haɗa ruwan gishiri da zaƙi domin yaro mai gudawa, har suka shiga gidaje kusan miliyan 12. Ba su zo da ma'aunin asibiti ba. Sun ce gishiri gwargwadon abin da yatsu uku za su ɗebo, cikin hannu ɗaya na mazarƙwailarsu, da rabin lita na ruwa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake biyan malaman: bayan sun wuce, wasu jami'ai za su biyo baya su tambayi matan abin da suka riƙe, su sa su haɗa ruwan, a auna shi. Albashin malama ya dogara ne ga abin da uwa ta gane.

A wani asibiti na birnin Niyok a Amurka ma, an gwada wata takarda mai zane da bayani cikin sassauƙan harshe, tare da nuna wa iyaye yadda ake auna maganin ruwa na yara, a sa su maimaita a gaban ma'aikaci. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna cewa a cikin iyayen da aka yi wa bayanin da aka saba, kusan kashi 48 cikin ɗari sun yi kuskuren awon maganin da ake sha kullum, alhali a cikin waɗanda aka yi wa sabon salon, kashi 5 ne kacal da ɗan ɗoriya. Asibiti ɗaya, amma salon bayani ya bambanta.

Su ma ma'aikatan lafiya suna buƙatar a koya musu. Wani bincike da Schillinger da abokansa suka buga a 2003, bayan sun naɗi hirar likitoci da masu ciwon suga a Amurka, ya gano cewa a ganawa ɗaya cikin biyar ne kawai likita yake bincika ko majinyaci ya fahimci sabon abin da aka gaya masa. Waɗanda likitocinsu suke yin wannan bincike kuwa, an fi samun sugansu ya daidaita. To mu duba halin Bahaushe. Idan babban mutum ya tambaye shi, "Ka gane?" amsar ladabi ita ce, "Na gane, ranka ya daɗe," ko da kuwa bai tsinci komai ba. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce, "Baba, in ka koma gida Hajiya ta tambaye ka yadda za ka sha maganin nan, me za ka ce mata?" Wannan ilmin al'ada ne da sarrafa zance, kuma a ajinmu ake karanta shi.

Mu da muke karatun Hausa a kudancin ƙasar nan ba ma buƙatar a ba mu labarin wannan matsala, domin tana bakin ƙofarmu. Akwai dubban Hausawa a Sabo ta Ibadan, da Agege da Idi-Araba da Mil 12 a Legas, da Sabon Shagamu, da Ama Hausa ta Owerri. Da yawa daga cikinsu, musamman tsofaffi da mata da baƙin da suka zo cirani, idan suka je asibiti sukan tarar da likitan da ke jin Turanci da Yarbanci ko Ibo, amma ba ya jin Hausa. Wa zai yi tafinta? Sai ɗan majinyaciyar, ko maƙwabci, ko maigadin da aka kira daga bakin ƙofa. Ka yi tunanin matar da ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa saboda kunya, a ce ta bayyana ciwon mata ta bakinsa. Rabin maganar a ciki zai tsaya. Wani bincike da Flores da abokansa suka yi a wani asibitin yara a Amurka, aka buga a 2003, ya ƙirga kurakuran tafinta kimanin 31 a kowace ganawa, kuma kashi 63 cikin ɗari na kurakuran irin waɗanda za su iya shafar lafiyar yaro ne. Kurakuran 'yan sa-kai, irin su dangi, sun fi na tafintocin asibiti haɗari.

Ko da an sami mai jin harsunan biyu, kalmomin kansu suna da tarko. Idan Bahaushe ya ce yana da shawara, yana iya nufin rawayar ido kawai, wadda alama ce ta cututtuka daban-daban, daga ciwon hanta har zuwa zazzaɓi mai tsanani ko amosanin jini. Kalmar sanyi ta ɗauki mura, ta ɗauki ciwon gaɓoɓi, ta kuma ɗauki cutar da ake samu ta hanyar saduwa. Daji yana iya zama sankara, yana iya zama wani kumburi da ke cin fata. Idan aka ce a sha sau uku a rana, wani zai fahimci safe da azahar da la'asar, tunda rana ta faɗi da magariba, alhali likita yana nufin kowace awa takwas har cikin dare. Idan aka ce cokali ɗaya, wane cokali? Na shayi, ko na cin shinkafa? Tafinta da bai san waɗannan wurare masu santsi ba zai fassara kalma daidai, ya kuma kai saƙo karkatacce.

Kalmar da ta fi kowace nauyi a wurina ita ce gwaji. Idan aka ce wa majinyaci za a yi masa gwaji, abin da zai zo masa a rai shi ne awon jini ko fitsari domin a gano ciwonsa. Amma da wannan kalma ɗin ake fassara jarraba sabon magani wanda ba a tabbatar da ingancinsa ba tukuna. Tazarar da ke tsakanin ma'anonin nan biyu ita ce tazarar da ke tsakanin yarda da rashin sani.

Ƙasar nan ta ɗanɗana kuɗarta a kan wannan. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya jarraba maganin Trovan a Kano a kan yara 200, aka ba kimanin rabinsu sabon maganin, sauran kuma wani sanannen magani. Yara 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a gaya musu cewa jarraba magani ake yi ba, kamfanin kuma ya ce ma'aikatan jinya sun yi bayani da Hausa an amince da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. Aka yi ta shari'a har zuwa 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ka lura, mai karatu, cewa babban ɓangare na taƙaddamar shi ne: me aka faɗa da Hausa, kuma me aka fahimta? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, har zuwa Yulin 2004, wannan tabo yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa ambata. Sai da sarakuna da malamai da mata masu shiga gida-gida suka yi shekaru suna bayani kafin aka kai ga watan Agustan 2020, lokacin da aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da nau'in ƙwayar shan-inna na asali.

Akwai alamun cewa gyara zai yiwu. A ƙasar Gambiya, wani likita ɗan Nijeriya, Muhammed Afolabi, ya jagoranci gwada bayanin neman yarda na murya da hoto cikin harsunan Mandinka da Fulatanci da Wolof, sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cewa mutane sun fi fahimta da riƙe bayanin fiye da waɗanda aka yi wa irin wanda aka saba. A nan gida kuma, a 2017, wani ayari na masana harshe da ma'aikatan lafiya ƙarƙashin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan ya fitar da ƙamusoshin kalmomin ƙanjamau da Ebola cikin Hausa da Ibo da Yarbanci, inda aka zaɓi karya-garkuwa a matsayin sunan ƙwayar, domin a raba mai ɗauke da ita da wanda ciwon ya riga ya kwantar.

Na san wani zai ce, ɗalibin harshe ba likita ba ne, kada garin neman gira a rasa ido. Wannan gaskiya ce, shi ya sa nake cewa aiki ne na haɗin gwiwa: likita ya tabbatar da abin da za a faɗa, mai harshe ya tabbatar da abin da za a ji. Wani kuma zai ce, mun saba ƙirƙiro kalmomin da ba sa fita daga ɗakin taro. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma maganinsa shi ne mu koyi ɗabi'ar masu binciken lafiya. Kalma ba ta ci jarrabawa don farfesa ya amince da ita. Sai an kai ta zango, an faɗa wa mai sayar da goro da uwargida da ɗan acaba, an dawo bayan mako guda an ji abin da ya zauna a ransu.

Saboda haka ina da shawarwari uku. Na farko, ɗaliban ajin ƙarshe su rage rububi a kan batutuwan da aka riga aka tatse, wasu su rubuta kundinsu a kan sunayen cututtuka a bakin Hausawan kudu, ko a kan yadda ake fahimtar umurnin shan magani. Na biyu, sashenmu ya nemi zama da kwalejin likitanci, a riƙa koya wa ɗaliban likitanci da na jinya Hausar ɗakin duba marasa lafiya, mu kuma a koya mana ƙa'idojin tafinta da riƙe sirrin majinyaci. Na uku, kwamitocin da ke ba da izinin bincike su riƙa neman a gwada takardar neman yarda ta Hausa a kan mutanen da aka rubuta dominsu, da murya ga wanda ba ya karatu, da ajami ga wanda shi ya iya, kafin a ɗebi jinin kowa.

Sau da yawa akan tambaye mu cikin zolaya, me mutum zai yi da digirin Hausa? Ga amsa nan a layin karɓar kati na kowane babban asibiti, inda wata tsohuwa take riƙe da ƙullin magani tana juya shi, tana neman wanda zai gaya mata yadda za ta sha. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likitoci sun kama nasu gefen, saura mu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma sa iliminmu ya amfani jama'a, amin.