Farbobirus B19: ƙwayar cutar da ke iya ɓuya a bayan zazzaɓin cizon sauro

A ranar 13 ga Agustan 2024, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta gargaɗi likitoci kan yaɗuwar wata ƙwayar cuta mai suna farbobirus B19. Gwajin jini ya nuna cewa a cikin yara ƴan shekara 5 zuwa 9, masu alamar kamuwa ta baya-bayan nan sun tashi daga kashi 15 zuwa kashi 40 cikin ɗari a watan Yunin shekarar. A Faransa kuwa annobar ta soma tun watan Mayun 2023, kuma hukumar lafiya ta ƙasar ta ƙidaya jarirai 5 da suka rasu a farkon 2024.

Labarin ya yi kama da na nesa, amma waɗanda cutar ta fi yi wa illa sun fi yawa a ƙasashe irin Nijar.

Farbobirus dangi ne na ƙwayoyin cuta mafi ƙanƙanta, kuma galibinsu kowace da irin jikin da take kamawa. Akwai ta karnuka, ta kyanwa, ta shanu, ta aladu da ta agwagi. Ta ɗan Adam, wata masaniya ƴar Ostireliya mai suna Yvonne Cossart ce ta gano ta a 1974 a Landan, tana cikin binciken jini. An laƙaba mata B19 ne daga lambar samfurin da aka same ta a ciki. Tana da rukuni uku, kuma bincike a Ghana ya nuna na ukun ne ya fi yawo a can.

Tana yaɗuwa ta tari da atishawa. A wurin yaro mai ƙoshin lafiya abin bai wuce ɗan zazzaɓi da ƙuraje a kumatu da jiki ba, har a ɗauka ƙyanda ce. Manya, musamman mata, sukan yi ciwon gaɓoɓi.

Haɗarin yana cikin ɓargo. Ƙwayar tana kai hari ga inda ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini, ta tsayar da aikin na kwana 7 zuwa 10. Mai lafiya ba ya jin wannan, don jajayen ƙwayoyinsa suna rayuwa kimanin kwana 120. Na mai sikila, wato amosanin jini, ba sa wuce kwana 10 zuwa 20. In ɓargo ya tsaya mako guda, jininsa yakan faɗi warwas, kuma ƙarin jini cikin gaggawa ne ke ceto shi. A Nijar, inda ake ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ƙwayar gadon sikila, gidajen da abin zai iya shafa ba su da iyaka.

Haka lamarin yake ga yaron da zazzaɓin cizon sauro ko tamowa suka riga suka cinye wa jini. Wani ƙaramin bincike da aka yi a Nijar, aka buga a 1990, ya gano alamar kamuwa da B19 ta kwanan nan a fiye da rabin yara masu tsananin ƙarancin jini da aka gwada. Yaran ba su da yawa, amma sakamakon ishara ne. Daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da asibitocin Maraɗi, Damagaram da Tawa ke cika da yara, gwajin zazzaɓin cizon sauro zai iya nuna akwai cutar, a ba da magani, alhali a gefe wata ƙwayar ta rufe ɓargo.

Masu juna biyu su ma suna cikin haɗari. Idan mace ta kamu kafin mako na 20, ƙwayar na iya ratsawa zuwa ga ɗan tayi, ta jawo masa ƙarancin jini da kumburi, wani lokaci ma ɓari. Galibin cikin dai yakan tsira lafiya.

Ta karnuka kuma tarihinta daban ne. Ta bayyana a 1978, daga wata ƙwaya mai kusanci da ta kyanwa, ta game duniya cikin ɗan lokaci. Tana kama ƴan kwikwiyo da amai da zawo na jini, tana kashe mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba, kuma takan yi watanni a cikin ƙasa. Mafarauta da masu karnukan gadi suna da mafita, domin akwai allurar rigakafi da ake somawa daga mako 6 zuwa 8, kuma ruwan Javel yana kashe ƙwayar. Ta kare ba ta kama mutum, ta mutum ma ba ta kama kare, don haka babu dalilin kashe karnuka saboda B19.

Ga ɗan Adam har yanzu babu rigakafi, babu kuma maganin da ke kashe ƙwayar. Killace yaro mai ƙuraje ba ya hana yaɗuwa sosai, tunda kafin ƙurajen su fito ya riga ya gama shafa wa wasu. Abin da ke hannu shi ne saurin ganewa da wadatar jini.

Wannan ya ɗora nauyi a kan hukumomi. Ma'aikatan cibiyoyin lafiya na CSI suna buƙatar kayan auna jini da sanin cewa ba kowane ƙarancin jini ne laifin sauro shi kaɗai ba. Cibiyar kula da masu sikila ta ƙasa da ke Yamai da cibiyar bincike ta CERMES su ne wuraren da suka dace su auna yawan cutar a yau. Rumbunan jini na jihohi kuma suna buƙatar masu ba da jini tun kafin damina ta kankama.

Ga iyaye, alamomin a fili suke. Yaro mai sikila da ya yi zazzaɓi, tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari, yana haki ko ya kasa tashi, a kai shi asibiti a ranar, ba sai gobe ba. Mai ciki da ta zauna da yaro mai irin waɗannan ƙuraje ta faɗa wa ungozoma a wurin awo.