Linux: na jama'a ko na kamfani?

A watan Disamba na 2020, kamfanin Red Hat na Amurka ya sanar cewa kulawar da yake yi wa CentOS 8, wadda aka tsara za ta kai 2029, za ta ƙare a ƙarshen 2021. Ma'aikatu da ƴan kasuwar da suka ɗora kwamfutocinsu kan wannan tsari na kyauta suka wayi gari da aikin sauya shi, shekaru takwas kafin lokaci. Zanen aro ba ya rufe katara.

Abin bai zo da mamaki ba. Tun 2019 IBM ya sayi Red Hat kan dala miliyar 34, kuma mai jari riba yake nema. Kamfani yana iya mutuwa ma: Mandriva na Faransa ya rushe a 2015, amma Mageia, wadda masu sa kai suka cire daga jikinsa a 2010, ta ci gaba.

Debian kuwa tun 1993 take hannun jama'arta. Membobinta ke zaɓen shugabansu kowace shekara, babu attajirin da zai saye ta. Rauninta ɗaya: in na'ura ta tsaya, ba wanda yarjejeniya ta tilasta wa kawo ɗauki.

Saboda haka bankin da ba ya jure tsayawar awa guda yana da hujjar biyan kamfani. Amma ma'aikatar gwamnati mai ƙaramin kasafi ta fi cancanta da Debian. Kuɗin da za ta biya kamfanin waje, ta horar da ma'aikatanta da shi, domin gyara ya kasance a gida.