Karatu A Amurka: Ƙaramar Kwaleji Ko Babbar Jami'a, Wacce Ta Fi Daraja?

A ranar 4 ga watan Yulin 2025 Shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a kan wata doka wadda ta ƙara wa manyan jami'o'in ƙasar haraji a kan ribar da suke samu daga dukiyarsu ta wakafi. A da kashi 1.4 cikin ɗari suke biya, amma dokar ta ɗaga shi har zuwa kashi 8 ga mafiya arziki irin su Harvard da Yale. Sai dai ta tsame duk makarantar da ɗalibanta masu biyan kuɗin karatu ba su kai 3,000 ba. Da haka ne waɗansu ƙananan kwalejoji masu ɗimbin dukiya, kamar Williams da Amherst da Swarthmore, suka tsira daga harajin, aka kuma sake ta da tsohuwar muhawarar nan: shin tsakanin su da manyan jami'o'i wa ya fi wani daraja?

Wannan magana ta shafi mutanenmu na Arewa mazauna Legas da Ibadan da Fatakwal waɗanda Allah Ya hore wa 'ya'ya masu ƙoƙari. A zangon karatu na 2023 zuwa 2024 akwai 'yan Nijeriya sama da 20,000 da ke karatu a Amurka, babu wata ƙasar Afirka da ta kai haka.

Farkon abin da ke rikita iyaye shi ne sunan kansa. A nan gida in aka ce kwaleji, sai hankali ya tafi ga sakandare irin su Barewa ta Zariya ko King's ta Legas, ko kuwa kwalejin horar da malamai. Uba ya ji an ce ɗansa ya sami kwaleji a Amurka, sai ya ga kamar an rage masa matsayi. Alhali a can waɗannan kwalejoji digirin farko suke bayarwa bayan shekara huɗu, daidai da wanda Harvard take bayarwa. Ɗalibi yakan fara ne da ɗanɗana fannoni dabam-dabam, tarihi da lissafi da kimiyya da harsuna, kana ya zaɓi wanda zai ƙware a kai wajen ƙarshen shekara ta biyu.

Ba kuma sababbin makarantu ba ne. An kafa Williams a 1793, Amherst a 1821, duka a jihar Massachusetts, Swarthmore kuwa a 1864 a jihar Pennsylvania. Shugabannin Amurka biyu, James Garfield da Calvin Coolidge, ɗaya a Williams ya yi karatu, ɗayan a Amherst. Hillary Clinton da Madeleine Albright, waɗanda suka riƙe ma'aikatar harkokin waje, sun fito ne daga Wellesley, kwalejin mata zalla.

Bambancin da ke tsakani yana cikin aikin da kowacce ta sa gaba. Babbar jami'a wurin bincike ce. Harvard, wadda aka kafa a 1636, tana da ɗalibai sama da 20,000, mafi yawansu masu neman manyan digiri ne, dukiyarta ta wakafi kuwa ta haura dala miliyan dubu 50 a 2024. Shaihunan malamanta sun yi suna a duniya, amma ɗan aji ɗaya yakan saurare su ne a babban zaure tare da ɗaruruwan 'yan'uwansa, sau da yawa kuma ɗaliban da ke neman digirin dakta ne suke duba aikinsa. Williams kuwa ɗalibanta kusan 2,000 ne, kuma koyarwa ce babban aikin malamanta. Tana ma da wani tsari irin na Oxford, inda ɗalibai biyu kacal suke zama da malami ɗaya kowane mako, wannan ya karanta abin da ya rubuta, wancan ya soke shi. A irin wannan aji babu inda malalaci zai ɓuya.

Ana ganin amfanin haka a alƙaluman hukumar kimiyya ta Amurka. In aka auna da yawan ɗalibai, ƙananan kwalejoji irin su Swarthmore da Reed da Carleton suna cikin sahun gaba wajen yaye waɗanda daga baya suke samun digirin dakta. Shiga ma ba sauƙi gare ta ba. A 2024 Harvard ta ɗauki ƙasa da mutum 4 cikin kowane 100 da suka nema, Williams da Amherst kuwa ba su wuce 10 ba.

To, ashe daraja iri biyu ce. Akwai wadda kowa ya sani, daga mai shayi har direban tasi, wannan ta Harvard ce, babu mai ja da ita. Akwai kuma wadda masu ɗaukar ma'aikata da masu zaɓen ɗaliban manyan digiri suka sani, a nan kuwa takardar Amherst ba ta jin kunyar ta kowa. Wanda zai dawo Nijeriya neman aiki da digirin farko kaɗai, babban suna zai fi saurin buɗe masa ƙofa. Wanda kuma zai ci gaba da karatu, wasiƙar shaida daga malamin da ya san shi ciki da waje ta fi masa amfani. Ya kamata iyaye su sani cewa a Amurka, in ban da 'yan tsirarun shirye-shirye, ba a shiga karatun likita ko lauya daga sakandare, sai an riga an yi digirin farko.

Manyan Afirka da yawa ta ƙaramar ƙofa suka shiga. Dokta Nnamdi Azikiwe ya gama Lincoln a 1930, Kwame Nkrumah a 1939. Ko da yake sunan jami'a gare ta, ƙaramar makaranta ce ta baƙar fata, kuma daga nan ne dukansu biyu suka wuce babbar Jami'ar Pennsylvania. Kofi Annan, tsohon Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya gama Kwalejin Macalester a 1961. Patrick Awuah na Gana ya yi Swarthmore, ya koma gida ya kafa Jami'ar Ashesi a 2002 bisa wannan tsari.

Amma kada a ɗauka duk ƙaramar kwaleji Williams ce. Masu dukiyar 'yan kaɗan ne, sauran ɗaruruwa da kuɗin da ɗalibai ke biya suke rayuwa. Haihuwa ta ragu a Amurka tun bayan taɓarɓarewar tattalin arziki ta 2008, saboda haka matasan da ake rububinsu raguwa za su yi ta yi. Kwalejin Cazenovia ta rufe a 2023 bayan kusan shekara 200 tana aiki. Wells da Birmingham-Southern sun bi ta a 2024. Ɗalibin da makarantarsa ta rufe yana tsakiyar karatu, musamman baƙo mai zaman biza, ya shiga halin gaba kura baya sayaki.

Sai batun kuɗi. A waɗansu makarantun, manya da ƙanana, kuɗin shekara ɗaya har da abinci da ɗaki ya kai dala 90,000 a 2024. Amma kaɗan daga cikinsu, irin su Harvard da Yale da Princeton, da kuma Amherst da Bowdoin daga cikin ƙanana, ba sa duban aljihun uba kafin su ɗauki ɗalibi ko da baƙo ne, kuma sukan cika masa abin da gidansu ya kasa biya. Ga ɗan mai ƙaramin ƙarfi, wannan ya fi kowane suna muhimmanci.

Akwai kuma siyasa. A 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da kuɗin binciken Harvard sama da dala miliyan dubu 2, ta kuma nemi hana ta ɗaukar baƙin ɗalibai, sai da kotu ta shiga tsakani. A watan Yulin shekarar aka rage wa'adin yawancin bizar 'yan Nijeriya zuwa wata uku, a watan Disamba kuma aka sa Nijeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza, har da ta ɗalibai. Wannan ya shafi mai nufin babbar jami'a da mai nufin ƙaramar kwaleji baki ɗaya.

Don haka duk uban da ɗansa ya kawo masa takardar samun gurbi, kafin ya yi murna ko ya yatsina fuska saboda suna, sai ya nemi amsar tambayoyi huɗu. Shin hukumomin ilmi na Amurka sun amince da makarantar, yadda Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya za ta karɓi takardarta lokacin hidimar ƙasa? Tana da dukiyar da za ta riƙe ta har yaron ya gama? Nawa za ta ɗauke masa a cikin kuɗin, kuma har tsawon shekara huɗun? Sannan mene ne matsayin biza a lokacin da zai nema? Hausawa dai sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu zaɓi mafi alheri, amin.