Ɗalibai masu ra'ayin riƙau: Tarbiyya ba ta tsaya a kan sutura ba

Duk mai bibiyar shafukan ɗaliban jami'o'in Arewa a Facebook da WhatsApp ya san akwai rukunin da muryarsa ta fi ta kowa amo. Su ne ɗalibai masu ra'ayin riƙau, waɗanda ke auna duk abin da ya faru a makaranta da ma'aunin addini da al'ada. Idan aka yi bikin gama jarrabawa, samari da 'yan mata suka yi ta rubutu a rigunan juna, kafin magariba shafuka sun cika da Allah wadai.

Wannan murya ba yau ta fara ba. Tun a 1954 aka kafa Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya, MSSN, a Legas, kuma a ƙarshen shekarun 1970 'ya'yanta sun yi ta fafata muhawara da ɗalibai masu ra'ayin gurguzu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Haƙƙinsu ne su yi magana, kuma iyaye da dama ba za su saki 'ya'yansu mata zuwa jami'a ba in da babu masu tsawatarwa irinsu. Matsalar ita ce sharhin nasu ya taƙaita a kan mayafi da kiɗa, alhali amanar da ke wuyansu ta fi haka faɗi.

A ɗauki manomi a Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa a Jihar Kano. Gonaki a wannan yanki a matse suke, ana noma su kowace damina ba hutu, gado kuma yana ƙara tsattsaga su. Idan irin wannan manomi ya tura ɗa ko 'ya Jami'ar Bayero ko ta Wudil, da buhun gyaɗa da na wake da tunkiyar uwar gida ake biyan kuɗin rajista. Tabbas yana son ɗansa ya dawo da tarbiyyar da ya tafi da ita. Amma yana kuma son ya dawo da takardar shaida a kan lokaci, ba tare da an tatse gidan ba.

A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aikin wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A 2023 kuɗin rajista ya tashi a Jami'ar Bayero, har Gwamnatin Kano ta amince da kashe naira miliyan 700 domin biya wa ɗalibai 7,000 'yan jihar. A 2024 asusun NELFUND ya fara ba ɗalibai rance marar ruwa. Wane ne ya zauna ya yi wa iyaye a karkara bayanin sharuɗɗan wannan bashi da Hausar da za su gane, har da hukuncinsa a addini? Aikin masu ra'ayin riƙau ne, domin su ne iyaye suka fi yarda da su.

Haka nan malamin da ke tilasta wa ɗalibai sayen takardun darasinsa, da wanda ke neman ɗaliba da lalata kafin ya ba ta maki, da shugaban ƙungiyar ɗalibai da ya zama ɗan koren 'yan siyasa, duk ɓarna suke yi wadda addini ya hana. Yin shiru a kansu tare da ɗaga murya a kan yarinyar da ba ta da kowa, shi ne a bar jaki a daki taiki.

Tarihi ma yana da gargaɗi. A 1986, lokacin shugabancin Farfesa Ango Abdullahi, hukumar Jami'ar Ahmadu Bello ta hukunta shugabannin ɗalibai bisa zargin cewa jerin gwanonsu ya shiga ɗakin kwanan mata. Rikicin ya kai ga 'yan sanda suka buɗe wuta a ranar 23 ga Mayu, aka rasa rayuka. Dokar kare mutuncin mata abu ne mai kyau, amma mai sharhi ya kamata ya riƙa tambaya: wa ke amfana idan aka ɗaga ta a wannan lokaci?

Sannan rubutu yana da farashi. A Nuwambar 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda abin da ya wallafa a Twitter kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Aisha Buhari, kuma sai da aka yi ta kiraye-kiraye kafin a janye ƙarar. Garkuwar ɗalibi mai sharhi ita ce hujja: takardar sanarwa, rasit, jin ta bakin ɓangare biyu, da kauce wa yaɗa hoton 'yar mutane. Magana zarar bunu ce.

Ba a ce su daina wa'azi kan sutura ba. Abin da ake nema shi ne su riƙe al'adar baki ɗayanta, har da gaskiya da adalci da tausayin talaka. Ranar da shafukansu suka fara bin diddigin kuɗin ƙungiyar ɗalibai kamar yadda suke bin tsawon siket, ranar ce manomin Zakirai zai san yana da wakili a jami'a.