Wane konceto ya kamata ɗalibin fiyano ya fara da shi?

Kwana biyu kun ji ni shiru, ba komai ya jawo ba sai hidimar Ikko, wadda mutum zai fita da asuba ya dawo bayan isha'i bai san abin da ya tsinana ba. Abin da ya sa na zauna rubutu yau kuwa wata 'yar muhawara ce da muka yi da mahaifiyar wani ɗalibina ranar Asabar ɗin da ta wuce, har yanzu maganar tana yi mini yawo a ka.

Yaron shekararsa 15, yana da kunne, yana kuma da naci. Uwar ta zaunar da ni ta ce, "Malam, yaron nan fa ya daɗe yana ƙananan kiɗe-kiɗe. Yaushe za ka ba shi konceton Rachmaninoff na biyu? Shi yake ji dare da rana." Na ce mata, "Madam, ba bana ba, ba kuma baɗi ba." Daga yadda ta dube ni na san a ranta tana cewa wannan malamin ɗan Arewa ko dai bai iya ba ne, ko kuma yana jan lokaci don kuɗin darasi ya ci gaba da shigowa. Ban ga laifinta ba. Ni ma da haka zan yi zato in da ban taɓa ganin abin da gaggawa ke yi wa yaro ba.

Ga wanda bai saba da kalmar ba, konceto kiɗa ne da ake rubuta wa kayan kiɗa guda ɗaya, shi ke jan gaba, gungun makaɗa kuma suna mara masa baya. Galibi kashi uku ne: na farko mai sauri, na tsakiya mai sanyi, na ƙarshe mai zafi. Idan ina yi wa 'yan uwanmu bayani nakan ce su tuna marigayi Mamman Shata da 'yan amshinsa da makaɗan kalangunsa. Shata ke da waƙa, amma ba shi kaɗai ke yin ta ba: yana jefa magana, a karɓa masa, ya saurara, ya san inda zai sake shiga. To haka mai fiyano yake a cikin konceto. Wanda bai iya sauraro da jira ba, ko yatsunsa sun fi walƙiya sauri, bai isa wurin ba tukuna.

Bari in faɗi laifina da bakina. A 2016 an kawo mini wata yarinya 'yar shekara 13, hannunta ƙarami, da ƙyar take kama tazarar maɓallai takwas da babban yatsa da ƙaramin. Mahaifinta ya nace sai konceton Grieg, wanda ɗan ƙasar Nowe ɗin ya rubuta a 1868. Kowa ya san buɗewarsa: ganga ta yi ruri, sai fiyano ya faɗo daga sama har ƙasa da manyan damƙa hannu bibbiyu. Ni kuma a lokacin ina tsoron kada a ɗauke ta a kai wa wani malamin, sai na yarda. Wata biyar muna kan shafukan farko. Ashe wuyan hannunta na dama yana mata ciwo tun a wata na biyu, tana ɓoyewa don kada a ce ta gaza. Ranar da na gane, abin ya riga ya yi nisa. Hannun ya warke daga baya, amma sha'awar ba ta dawo ba. Yau fiyanon da aka saya mata yana falon gidansu an jera hotuna a kansa. Ba na ɗora wa uban laifi, shi bai san kan abin ba. Ni ne na sani na yi shiru.

Tun daga nan, wanda na fi ba ɗalibi ya fara da shi shi ne konceton Haydn a kan D meja, wanda aka buga a 1784. Hannun hagu ba ya shan wahala sosai, ba a kuma neman miƙa yatsu fiye da ƙima. Aikin yana hannun dama: hawa da sauka da gudu, irin atisayen da yaro ya yi shekaru yana yi yana tsaki, sai ga shi yau ya zama kiɗa na gaske. Kuma babu wurin ɓuya. A kiɗan Rachmaninoff mutum zai iya take feda, sauti ya cakuɗe, kuskure ya nutse a ciki. A na Haydn idan yatsan tsakiya ya fi na kusa da shi nauyi, kowa a ɗakin zai ji. Kashi na ƙarshe an yi shi ne da salon raye-rayen ƙasar Hangari, cike da 'yan tsalle-tsalle da sautuka masu karo da juna kamar da gangan, kuma ban taɓa ganin yaron da bai yi murmushi ba ranar da ya fara kama shi. Idan ɗalibi bai kai nan ba ma, Haydn ɗin yana da wasu ƙananan ayyuka da ya rubuta wa mai fiyano da goge biyu da babban goge mai kauri, gajeru ne, a wata biyu an gama.

Daga Haydn sai Mozart, amma a nan sai an yi hattara. Mutane suna duba takardar su ga babu baƙi da yawa a shafi, sai su ce ai mai sauƙi ne. Sauƙin karantawa daban, sauƙin kaɗawa daban. Shi ya sa ba na fara wa kowa da na 23 a kan A meja, na 1786, duk da cewa kashinsa na tsakiya yana cikin abubuwan da na fi so a duniya. Wanda nake bayarwa shi ne na 8 a kan C meja, wanda ya rubuta a 1776 domin wata matar babban gida mai suna Antonia Lützow, wadda ba sana'arta ba ce kiɗa, kuma shi kansa Mozart ya riƙa koyar da ɗalibansa da shi. Ko kuma na 12 a kan A meja, na 1782.

Wannan na 12 ɗin ina so in ɗan tsaya a kansa, domin yana warware wata matsala da ta shafe mu kai tsaye. Ɗaya ne cikin uku da Mozart ya rubuta bayan ya koma zama a Biyana. A wata wasiƙa da ya aika wa mahaifinsa a ƙarshen Disambar 1782 ya bayyana cewa ya tsara su ne tsaka-tsaki, ba su yi wuya ainun ba, ba su kuma yi sauƙi ainun ba. Abin da ya fi muhimmanci, da ya tallata su ya ce ana iya kaɗa su da cikakken gungu, ana kuma iya yi da masu goge huɗu kacal. To, jama'a, a Legas ɗalibi nawa ne zai taɓa samun gungun makaɗa arba'in ko hamsin su zauna dominsa? Akwai cibiyar MUSON a Onikan, wadda ƙungiyarta ta kafu tun 1983, suna da makaranta, suna da gungu, suna kuma ƙoƙari ƙwarai. Amma dandamali ɗaya ba zai ɗauki yaran gari guda ba, balle wanda ke Ibadan ko Fatakwal ko Benin. Masu goge huɗu kuwa ana samu. A coci ɗaya mai ɗan girma sai ka haɗa su, ka biya musu kuɗin mota da na abinci, yaro ya ji yadda ake kiɗa da mutane masu numfashi. Kashin tsakiya na wannan konceto ma yana da labari: jigonsa aro ne daga wani aikin Johann Christian Bach, wanda Mozart ya sani a Landan yana ƙaramin yaro, kuma ya rasu a ranar farko ta shekarar 1782. Idan na gaya wa ɗalibi haka, hannunsa yakan yi laushi ba tare da na ce ya rage ƙarfi ba.

Ga wani ɗan abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Yawancin ɗalibaina ba su da fiyano mai maɓalli 88 a gida, kibod ne mai 61, wanda sai da wuta ko janareta. Fiyanon da Mozart ya yi aiki da shi ma 61 gare shi. Bambancin kawai nasa daga F ya fara ya ƙare a F, namu kuwa daga C zuwa C, don haka 'yan sautuka kaɗan na can ƙasa ne za su ɓace. Ke nan yaro zai iya yin kusan dukkan atisayen Haydn da Mozart a gida, ya zo wurina ya saba da nauyin maɓallai. Grieg ko Tchaikovsky kuwa tun a layin farko kibod ɗin zai ƙare masa.

Bach uban, wato Johann Sebastian, yana da na F maina, lamba 1056 a jerin ayyukansa. Bai wuce minti goma ba, kuma masu goge kaɗai ke rakiya. Kashin tsakiya waƙa ce doguwa a hannun dama, masu goge suna tsinkar tsirkiya da yatsa a hankali a bayanta. Ina ba da shi ga ɗalibin da hannun hagunsa ke barci, domin Bach ba ya barin hannu ɗaya ya zama ɗan rakiya.

Wani abokin aikina yakan ce mini, "Malam, ka cika son tsofaffi. Yaron zamani idan ka tsare shi da kiɗan shekara ɗari biyu da wani abu, zai gudu ya koma bugun kibod a wurin biki." Akwai gaskiya a maganarsa, ba zan musa ba. Matashi yana son abin da zai girgiza ɗaki. Amsata ita ce akwai masu zafin da aka yi su domin matasa tun asali. Kabalevsky ya rubuta koncetonsa na 3 a 1952 ya sadaukar da shi ga matasa, kuma Vladimir Ashkenazy ne ya fara kaɗa shi a Mosko a 1953 yana ɗan saurayi. A kunne yana da girma da armashi, a hannu kuwa yana zama daidai, domin mutumin ya yi rayuwarsa yana rubuta wa yara. Shostakovich shi ma ya yi na 2 a 1957, kyautar cika shekara 19 ga ɗansa Maxim, har ya cusa masa irin atisayen yatsu na littafin Hanon a kashin ƙarshe, tsokana ta uba da ɗa. Sai dai kada sunan kyauta ya ruɗi kowa. Maxim ɗalibin babbar makarantar kiɗa ta Mosko ne a lokacin. Kashin farko yana da dogon gudu na tazarar takwas hannu biyu, na ƙarshe kuma yana da ƙirga bakwai-bakwai mai karkatar da ƙafa. Kashin tsakiya kaɗai nake ba masu tasowa. Sannan waɗannan biyun suna buƙatar cikakken gungu, haƙƙin mallakarsu kuma bai faɗi ba, sai an saya da kuɗin waje, alhali na Haydn da Mozart da Bach kyauta ne a shafin IMSLP.

Na Mendelssohn a kan G maina, na 1831, mataki ne na gaba, ba na farko ba. Ya taɓa zama abin yayin ɗalibai a Faris har Berlioz ya yi masa ba'a, ya ƙirƙiro labarin wani fiyano da ɗalibai kusan talatin suka kaɗa wannan konceto a kansa a rana guda, daga ƙarshe ya ci gaba da kaɗa shi da kansa ba kowa a kujera. Na Beethoven na 2 ma a wannan matakin nake ajiye shi.

Yadda nake yi kuwa, kashi ɗaya muke ɗauka, ba duka ukun ba. Kafin ɗalibi ya taɓa nasa ɓangaren sai ya iya rera na gungun da baki, ya san wa ke magana kafin shi. Ni nake zama a kibod in yi musu ɓangaren makaɗa, shi yana kan fiyano. Ba na son a riƙa bin faifai ko bidiyon YouTube ana kaɗawa tare, saboda faifai ba ya jiran kowa, ba ya kuma jin lokacin da ka ja numfashi. Yaron da ya saba da haka, ranar da ya zauna da mutane sai ka ga yana gudu shi kaɗai.

Ita Madam dai mun rabu ba ta gamsu sosai ba. Na roƙe ta ta ba ni wata shida da kashin farko na Haydn, idan ya kammala sai mu shiga Mozart na 12, in nemo masu goge huɗu a yi a falonta ta gayyato wanda take so. Maganar falon ce ta ɗan sassauto da ita. Jiya yaron ya zo darasi na biyu. Yatsun ba su da matsala, shafi biyu ya riga ya haddace. Inda muka maƙale shi ne farkon kiɗan, wurin da gungu ke yin fiye da minti ɗaya shi kuma yana zaune hannu a cinya. Sau huɗu yana faɗowa kafin lokacinsa, sau huɗu ina mayar da mu baya.