Sha-ka-fashe: don idon wa ake kiwon jikin nan?

Karatu: Daniyel 1:3-16, Afisawa 5:25-29



Akwai wata ƙwaya da ake sayarwa a garin nan wadda sunanta kaɗai ya isa gargaɗi: sha-ka-fashe. Masu sayar da ita ba su ɓoye wa kowa abin da take yi ba, ga shi nan a cikin sunan, amma kasuwarta ba ta faɗi ba. Daga gindin Goron Dutse zuwa Ƙofar Waika, har cikin kasuwar Kurmi, yarinyar da take son ta yi ƙiba kafin biki ba za ta yi doguwar tafiya ba kafin ta samu. Idan ba ta samu a kyamis ba, mai tallan magani a kai zai ƙulla mata a leda, ko wata mai gyaran amare ta aiko mata ta WhatsApp. A 2024 hukumomi sun tashi 'yan kasuwar magani ta Sabon Gari zuwa Dangwauro a hanyar Zariya domin a iya sa ido a kan abin da ake sayarwa, amma ledar da ke yawo daga hannu zuwa hannu a cikin unguwa ba ta san an yi ba.

Mu Kirista kaɗan ne a cikin ganuwa, amma kasuwa ɗaya muke ci da maƙwabtanmu, waya iri ɗaya ce a hannun 'ya'yanmu, kuma gorin da ake yi wa siririyar yarinya bai san addini ba. Kada wani ya ɗauka maganar wasu ce. Tana zaune a kan bencin mawaƙa ranar Lahadi.

Bari mu fara da ƙwayar kanta, domin da yawa masu shanta ba su san sunanta ba. Sau da yawa abin da ke cikin ledar shi ne deksametason, wani lokaci a haɗa da sifirohebtadin. Deksametason magani ne na gaske, mai amfani ƙwarai a hannun likita. Ana ba masu asma da masu kumburi iri-iri, kuma a 2020 binciken da Jami'ar Oksfod ta jagoranta a Ingila ya nuna yana rage mutuwa a cikin waɗanda korona ta kwantar har suna buƙatar taimakon numfashi. Amma wanda ya ɗauki makonni ko watanni yana sha ba bisa ƙa'ida ba, abin da yake samu ba ƙibar lafiya ba ce. Jiki yana riƙe ruwa da gishiri, kitse ya taru a fuska da ciki da bayan wuya, fuska ta zama kamar faranti, hannuwa da ƙafafu kuwa su ƙara sirancewa domin tsoka tana narkewa. Fata ta yi laushi ta tsattsage. A ciki kuma, inda ido ba ya gani, jini yana hawa, sukari yana hawa, ƙashi yana raguwa, al'ada ta rikice, garkuwar jiki ta yi sanyi har tarin fuka da ya kwanta ya farka. Shi kuwa sifirohebtadin, wanda ke cikin su Super Apeti da Apetamin, asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa ne. Buɗe ciki da yake yi da nauyin barcin da yake sawa illolinsa ne na gefe, su ne kuma aka mai da abin sayarwa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan Apetamin a 2023.

To, me zai sa yarinya mai hankali, mai zuwa nazarin Littafi Mai Tsarki, ta sha wannan? Amsar tana cikin gaisuwar da ake yi a gidajen garin nan. A je ganin amarya bayan wata uku, abin da za a fara dubawa kumatunta ne. In ta ciko, a ce lallai ango ya iya riƙo. In ta rame, gwaggo ta ja ta gefe ta ce, “'Yar nan, lafiya? Ko ba ya ba ki abinci ne?” Rama a wurinmu ba ta zuwa ita kaɗai, tana zuwa da zargi: ko talauci, ko rashin zaman lafiya a gida, ko kuma ciwon nan da tun shekarun 1990 ake raɗa sunansa idan an ga mutum ya zube. Samari ma ba su tsira ba, domin tumbi shi ne shaidar cewa mutum ya fara samu. Ga kuma tsadar abinci. Ƙwai da madara da nama na wata guda sun fi ƙarfin aljihun yawancin matasanmu, ƙwayar kuwa kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Mai shanta yana sayen kamannin ƙoshi ne alhali bai ƙoshi ba.

Ba Kano ce ta fara ba. A Muritaniya akwai al'adar da ake kira leblu, inda ake ɗura wa ƙananan 'yan mata nonon raƙumi da gero da man shanu domin su yi ƙiba su samu miji da wuri. Efik na Kalaba suna da ɗakin kiwon amarya, inda takan zauna ana ciyar da ita ana koya mata zaman aure. A Amurka da Turai kuma akwai wasu da suke kiran abin da suke yi fidarizim: mutum biyu, ɗaya yana ciyarwa ɗaya yana ci, daɗinsu kuma shi ne ganin nauyi yana ƙaruwa. Ana hawa sikeli, ana ɗaukar hoto, ana sa wa intanet. Da yawansu suna cewa su manya ne, da yardarsu suke yi. Amma akwai waɗanda abin ya kai su ga kasa tashi daga gado, wanda ya ciyar da su ya zama shi ne mai wanka, shi ne mai ɗauko ruwa, shi ne ƙofar fita. Matasanmu suna cin karo da irin waɗannan bidiyo a waya, su yi dariya su ce Turawa da abin mamaki suke.

Kafin dariyar ta yi nisa, a dubi saurayin da ya tura wa budurwarsa kuɗi ya ce, “Ki nemi abin da za ki sha ki ɗan ciko kafin Disamba, kada 'yan gidanmu su raina ni.” Tsakaninsa da wancan Ba'amurke bambancin yawa ne kawai. Dukansu biyu sun riga sun zana jikin da suke so a ransu, suna kuma neman jikin wata ya shiga cikin zanen, ko da lafiyarta ce za ta biya. Da Hausa muna da kalmar da ta dace da wannan, amma ba ga mutum ake faɗinta ba. Ragon da aka ɗaure a turke ana ba shi dusa da harawa ba don ana ƙaunarsa ba ne. Kiwo ne, kuma mai kiwo ya san ranar da yake jira.

Wannan ya kawo mu ga karatunmu. Sarki Nebukadnesar ya sa a zaɓo masa samari daga cikin kamammun Yahuza, kyawawa marasa lahani, a koya musu harshe da ilimin Babila, a canza musu suna, a kuma riƙa ba su abinci da ruwan inabi daga teburinsa har shekara 3, sa'an nan a kawo su gabansa. Mu lura, abincin ba sadaka ba ne. Yana cikin shirin mai da su nasa. Gaskiya ne dalilin da nassin ya bayar na ƙin da Daniyel ya yi shi ne kada ya ƙazantar da kansa, ba maganar nauyin jiki ba ce, kada mu ɗora wa nassi abin da bai ce ba. Amma dubi tsoron shugaban fādawan a aya 10: yana fargabar sarki ya ga fuskokinsu sun fi na sauran samari ramewa, kansa ya tafi. Ashe a fadar Babila ma kumatu ake dubawa. Akwai idon da ake kiwon jikin dominsa, kuma kowa a gidan yana rawar jiki saboda idon nan. Daniyel ya nemi a gwada su kwana 10 da kayan lambu da ruwa. Abin da zai ba wasu mamaki shi ne aya 15: bayan kwanakin, shi da Hananiya da Mishayel da Azariya sun fi masu cin abincin sarki kyan gani da cikar jiki. Wato Littafi Mai Tsarki bai mai da ƙiba zunubi ba, bai kuma mai da rama tsarki ba. A nan cikar jikinsu alheri ce daga Allah, ta zo ta hanyar da ba su sayar da kansu ba.

Don haka 'yan'uwanmu masu jiki tun asali, kada ku karanta wannan ku ji da ku ake. Haka ma sirara. Gidaje suna da irinsu, wani gida duk dogaye ne sirara ko da sa za a yanka musu kullum. Babu kuma laifi ga wanda ya tashi daga ciwo, ko mai shayarwa, ya nemi ya mai da jikinsa da kunun gyaɗa, fura da nono, wake, ƙwai da isasshen barci. Wannan ci ne domin a rayu a yi aiki.

Akan kawo labarin Esta a ce ai ita ma an yi mata gyaran jiki. An yi, wata 12 cur, shida da man mur, shida da kayan ƙanshi, Hegai kuma yana ba ta abinci na musamman. Sai dai a ci gaba da karantawa zuwa sura 2 aya 14. Kowace budurwa dare ɗaya take samu, da safe a kai ta wani sashe na gidan mata, ba ta ƙara ganin sarki sai in ya tuna da sunanta ya kira. Shekara guda ana shirya jikin mutum domin dare guda na wani. Allah ya yi aiki a cikin wannan gida ya ceci jama'arsa, amma gidan Ahasurus ba shi ne tsarin auren Kirista ba.

Tsarin yana Afisawa 5. A can ma akwai ciyarwa, domin Bulus ya ce wa miji ya ciyar da matarsa ya kula da ita kamar jikinsa, yadda Almasihu yake yi wa ikilisiya. Samari, tambayar a nan mai sauƙi ce. Ƙwayar da kake so ta sha, kai za ka sha? Za ka ba ƙanwarka ta ciki ɗaya? Idan ka san za ta iya sa mata hawan jini tana da shekara 25, ka kuma ce ta sha domin abokanka su yaba ranar biki, to ba kamar jikinka ka ɗauke ta ba. Wasu kuma suna gudu zuwa 1 Korantiyawa 7:4 su ce miji ne ke da iko da jikin matarsa. Su ƙarasa ayar, domin ta ba matar irin wannan iko a kan jikin mijin, kuma magana ce ta ba juna hakki a cikin aure, ba lasisin lalata ƙodar wani ba. Sura guda kafin nan Bulus ya riga ya faɗi Mai jikin na ainihi: haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, kuma da tsada aka saye shi. Wannan ya amsa wa mai cewa jikin matata ne, ya kuma amsa wa mai cewa jikina ne, in yi yadda na ga dama.

Iyayenmu mata na zumunta, ku ne 'yan matan nan suke jin maganarku fiye da ta fasto. Kalma ɗaya a bakin ƙofar majami'a, “Ke kuwa kin bushe kamar kara,” takan bi yarinya har gida ta kwana da ita. Idan kun ga ta rame kun damu, ku tambaye ta a ɓoye ko tana cin abinci, ko tana barci, ko akwai abin da ke damunta, ku raka ta asibiti. Ramar da ta zo ba dalili tana iya zama tarin fuka, ko ciwon sukari, ko tsutsar ciki, ko baƙin cikin da ba ta faɗa wa kowa ba. Sha-ka-fashe ba ta warkar da ko ɗaya a cikinsu. Tana rufe alamar ne, biyu na farkon ma ƙara musu ƙarfi take yi.

Ga wanda ya riga ya fara sha kuma wannan rubutu ya tsorata shi, a ji mu da kyau: kada ka zubar da ledar yau ka daina gaba ɗaya. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar wa jiki sinadarin kotizol. Idan aka daɗe ana shan deksametason, sai su rage aiki domin ana kawo musu irinsa daga waje. Aka yanke ƙwayar farat ɗaya, jiki zai rasa duka biyun, jini ya faɗi, amai da kasala su zo, har mutum ya suma, abin kuma yana iya kisa. Likita ne zai rage ta kaɗan-kaɗan har su farfaɗo. Ɗauki kwalin ko ledar yadda take ka je Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin da ya fi kusa da kai, ka faɗi tun yaushe ka fara da kuma guda nawa kake sha a rana. Ba za a kama ka ba, kuma ba kai ne na farko da suka gani ba.

A taron zumunta na Asabar mai zuwa, 'yan'uwanmu ma'aikatan jinya za su zo da abin awon jini da na sukari, za su zauna a ɗakin baya bayan addu'ar rufewa. Mai son a raka shi asibiti ya faɗa wa ɗaya daga cikinsu, ba sai ya bi ta wurin fasto ba.