Dawowar alhazan Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi

Malam Edita,

Tafiyar alhaji daga Jidda zuwa arewacin Najeriya ba ta wuce awa huɗu zuwa biyar a jirgin sama. Ga mutumin arewacin Zamfara kuwa, wahalar tana farawa ne bayan an sauka.

Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1996, an daɗe alhazanta suna tashi suna sauka a filin jirgin Sultan Abubakar III da ke Sakkwato. Daga nan sai mota, ta Talata Mafara zuwa Gusau, tafiyar da ta kai kilomita 200. A Gusau ake jiran jakunkuna da ruwan zamzam, lita biyar ga kowa, wanda sau da yawa jigilarsa daban ce. Sannan a kama hanyar Ƙauran Namoda, inda hanya ke rabuwa, ɗaya ta nufi Shinkafi, ɗaya ta nufi Zurmi. Waɗannan hanyoyi biyu direbobi ba sa son bin su da dare saboda 'yan bindiga, don haka jirgin da ya sauka da yamma yakan jawo wa tsofaffi ƙarin kwana a hanya, ga gajiyar Mina ba ta sake su ba.

Abin takaici, layin dogon da ya iso Ƙauran Namoda daga Zariya a 1929 ya daɗe da daina ɗaukar fasinja, don haka dole alhazai su bi mota. Ya kamata masu tsara jigila su riƙa sa jiragen alhazan yankin su sauka da safe, a kuma haɗa motocinsu da rakiyar jami'an tsaro.

Wani mai karatu,
Ƙauran Namoda